Diyyar Kunne

"Baba bai cancanci diyya ba," in ji jami'in kamfanin, yana rufe fayil. "Babu shaidar aikinmu ne ya taɓa masa kunne."

'Yar Baba, wadda ta rako shi ofishin, ta juya ta dube shi. Shekara ashirin da biyu mahaifinta ya yi a gindin injin casar shinkafa a Bolori, har ya daina amsa sallama.

Tsohon dai ya zuba wa bakin jami'in ido. Da ya ga leɓɓan sun tsaya, sai ya miƙe, ya riƙe hannunsa da hannu bibbiyu, fuska cike da fara'a.

"Allah ya yi albarka, ɗana," ya faɗa da ƙarfi. Sannan ya juyo gare ta. "Yaushe ya ce mu dawo mu karɓa?"