Kwale-kwalen Mutum Shida

Mutum shida kwale-kwalen yake ɗauka, su kuwa su takwas ne. Abba da Umma da sauran 'ya'ya suka shiga, za su je ganin dorina a tsakiyar tafkin. Aka bar Auta a bakin ruwa tare da Likita, aminin babban wanta, wanda ya tuƙo su kwana biyu ta cikin duwatsu.

Ta miƙa masa madubin hangen nesa. "Yaya, duba can, barewa na shan ruwa."

Bai karɓa ba. "Ki daina ce mini Yaya."

"Shekara goma ina faɗa, yau ya zama laifi?"

"Jiya Umma ta ce ta samo mini mata, wai ke za ki raka ni gaisuwa tunda ƙanwata ce ke." Ya dubi ruwa. "Na ce ta ba ni zuwa yau. In yayanki ne ni, zan amsa mata."

Auta ta ɗaga madubin, ta daɗe tana kallon tsaunin ƙetare. A juye ta riƙe shi, bai gaya mata ba.

Da kwale-kwalen ya matso, Umma ta ɗaga murya: "Auta, ba yayanki waya ya ɗauke mu hoto!"

Auta ta sauke madubin, ta amsa da ƙarfi.

"Umma, yayana ga shi nan kusa da ke. Wannan ba yayana ba ne."

Umma ta taɓa Abba da gwiwar hannu. "Ka gani ko? Kai da ka ce mu jira babban jirgin da zai ɗauke mu duka."