Farfelar Jirgin Baba

Apisai na durƙushe a bakin teku a tsibirin Kadavu, yana kankare katantanwa da gansakuka daga farfelar jirgin ruwan mahaifinsa. Da hannunsa ya shafa mata fentin da ke hana su kamawa kafin ya koma birnin Suva a zuwansa na baya, ga shi sun sake lulluɓe ta.

"Aikin 'yan birni ke nan," in ji tsohon. "Ko kaguwa ta fi ka iya fenti."

"Yi haƙuri, Baba. Zan sake."

Kunya ta ishe shi. Da jirgin ya ƙi tafiya a tsakiyar ruwa fa, ga tsoho shi kaɗai?

Ya shafa sabon fenti, suka ci rogo da kifi, ya yi sallama. Ya kusa tashar jirgin fasinja sai ya tuna ya bar wayarsa, ya juyo.

Ya tarar da mahaifinsa a tsugune, yana goge ɗanyen fentin da tsumma.

"Baba, me kake yi haka?"

Tsohon bai ɗago ba.

"Tun rasuwar babarka, in ba farfela ce ta lalace ba, yaushe kake zuwa?"