Zakara a Falon Yaya

Duk Asabar abokai kan taru a falon yayar wata mai ɗinki su kalli fim ɗin barkwanci, kowa cikin shigar wani ɗan wasa. Ran nan fim ɗin na wani alƙali ne mai yanke hukunci sanye da rigar zakara, har da jela. Falo ya kaure da dariya, amma mai ɗinkin ƙofa kawai take kallo.

Sai ga wani direba, tsohon saurayinta, ya shigo cikin irin rigar, fuka-fukansa na jan labule. Shi ne bara ya yaɗa hotonta cikin shigar kaza, da surutu ya yi yawa kuma ya fasa aurenta. Da ya dawo ban haƙuri, sharaɗin zuwa cikin shigar zakara ta kafa masa, ita ce ma ta ɗinka rigar.

Ya durƙusa da ƙyar, yana zufa. "Ƙanwata, na cika umarni. Ki yafe mini, a ɗaura mana aure."

"Yaya, tsayar da fim ɗin," in ji ta. "Malam, ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Ya maimaita. Zuciyarta ta ɗan karaya, sai ta daure.

"Yafiya na yafe. Aure kuwa babu. Da ma so nake ka ɗanɗana."

Ya miƙe yana laluben zif a bayansa. Hannunsa bai kai ba, kuma ba wanda ya tashi.