Akwatin da Kuang Ya Kai

Kibiyar farko alfadarin da ke jan amalanken Kuang ta samu a wuya. Kafin ya gama shure-shure, 'yan fashin duwatsun Shanxi na ƙasar Sin sun kewaye amalanken.

"Kai tsoho, buɗe akwatin gawar nan!" in ji babbansu. "Mun san halinku 'yan rakiyar kaya, ku ce gawa, ciki kuwa azurfa."

"Yaro, koma gida, uwarka na cigiyarka," Kuang ya ce, yana zare takobi. "Wannan yana da mai shi."

Yana da mai shi kuwa. Bara aka tsinci Pei Rong, aminin Kuang da suka yi rantsuwar 'yan'uwantaka da shi, a bayan gidan giya, kai a fashe. Wajen makoki aka yanka zakara, aka tsiyaya jinin cikin giya, Kuang ya shanye a gaban matar mamacin. Ya ce kafin ranar sharar kaburbura ta shekara-shekara zai kawo mata wanda ya yi wannan aika-aika cikin akwati. Wanda ya sha jinin zakara ya janye magana, ko kare ya fi shi daraja. Tun ranar bai ƙara taɓa giya ba.

Kuang ya datse hannun ɗan fashi na farko. Na biyu ya soke shi a cinya, shi kuma ya farke masa ciki. Babban ya damƙo sulken fatar Kuang ya yage, sai ya ga farar riga a ƙasa, ba maɓalli, sai igiyoyi. Ya yi turus. Wannan turus ɗin ne ya ci kansa. Saura suka ranta a na kare.

Kuang ya ɗaure cinyar, ya shiga gurbin alfadarin ya ja. Ba wani nauyi.

A bakin kabarin Pei Rong ya sami matar mamacin tana ƙona turare.

"Ƙanena, ka cika?"

"Na cika, matar Yaya."

Ta ture murfin da ƙyar, ta leƙa. Wayam.

"Ni za ka yi wa wasa, a gaban mijina?"

Kuang ya durƙusa, ya buga goshi a ƙasa har ya yi jini, yana kuka kamar yaro. Ya cire sulken, ta ga rigar, irin wadda gawa kaɗai ake sa wa. Ya miƙa mata takobin ta ƙota, ya ce, "Ga wanda ya kashe mijinki," ya shiga akwatin ya kwanta.

Ya yi masa cif, don da jikinsa kafinta ya yi awo.