Hancin Baba

"Sansana ka faɗa min, Baba," 'yarsa ta ce, ta tura masa tambulan.

Gobe ne zai zaɓi gangunan giyar wuskin da masana'antar tsibirinsu za ta sayar, kuma abincin gidaje da yawa ya dogara da hancinsa. Likita ya hana shi kurɓa ko kaɗan. Tun da ya tashi daga jinya take ganin burodi na ƙonewa a gabansa bai ji ƙauri ba. Amma girman kai ba ya barin tsoho ya ce ya gaza.

Ya ɗiga ruwa, yadda ake yi wa wuski mai ƙarfi da aka ɗebo daga ganga, ya jujjuya, ya lumshe ido.

"Hayaƙi, zuma, ga iskar teku can ƙasa. Zallar sha'ir ce, ba sirki. Ke da ko ƙwai ba ki iya dafawa, ni za ki gwada?"

"Haka ne, Baba."

Ya fita yana fito. Ta daɗe a tsaye kafin ta kira mai masana'antar ta faɗa masa gaskiya. Abin da ke cikin tambulan ɗin shayin safe ne da ya huce.