Tsohuwa Mai Ɗiban Wuta

An yi wata mata mai suyar ƙosai a wani ƙauye, zazzaɓi ya ɗauke mata ɗanta tilo a tsakiyar rani, mijinta kuwa yana can kurmi wajen nema. Masu ta'aziyya suka zo, aka yi sadakar bakwai, aka naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa. Gida ya yi tsit. Ta kife kaskon suya, murhu ya huce har kaji suka mayar da tokar wurin birgima. In ta ga ɗan takalmin yaron a bakin ƙofa sai ta ji numfashi ma aiki ne. Tun tana cewa ina ma ita aka ɗauka, har ta soma tunanin bin sa da kanta. Ba ta faɗa wa kowa ba, don ta san amsar: ki ji tsoron Allah.

Tsohuwar da ke bayan dangarsu ce ta lura hayaƙi ya daina tashi. Wata safiya sai ga ta tana dogara sanda, riƙe da fasasshen kasko. "Ɗiyata, sam mini wuta, tawa ta mutu." Kunya ta hana matar cewa babu, ta tashi ta hura. Gobe ma haka, jibi ma haka. Kullum sai ta ce a ranta, bari dai in ba Iya wutarta tukuna. Iya kuwa ba ta sauri. Ta zauna, ta ce tunda an hura a dama koko, ita ba ta iya sha ita kaɗai. Ran nan ta kama hannunta, ta tambaye ta ƙiri-ƙiri ko tana tunanin raba kanta da duniya. Ba faɗa, ba wa'azi. Matar ta yi kukan da ba ta yi ba ran jana'iza. Iya ta sa aka kira yayarta ta zo ta zauna da ita, aka raka ta wajen likita, aka aika wa mijin.

Ciwon bai tafi ba, takalmin ma har yau yana nan, amma tana raye. Ran da ta fara shiga gidan Iya don mayar mata da kaskon da ta manta, sai ta tarar da gungumen kirya yana ci a murhu, ga toka tuli ta kwana da kwanaki. Wutar Iya ba ta taɓa mutuwa ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunci a ƙafa yake.