Gyaɗar Kamfani

Ina yarinya, babana ɗan dako ne a filin da ake tara dalar gyaɗa, kusa da layin dogo, ba nisa da gidanmu a Fagge. Wata rana da azahar na kai masa fura, na tarar yana hawan dalar da buhu a ka, shi da abokinsa Baba Okoro, mutumin Sabon Gari. Sai wani buhu ya yage, gyaɗa ta zube a ƙasa. Na durƙusa na cika tafina. Ban kai baki ba, mai kula da leburori ya tsula mini bulala a hannu, ya ce kayan kamfani ne.

Babana ya sauko, ya riƙe hannuna yana dubawa. Bai ɗaga murya ba.

"Malam," ya ce wa mutumin, "talaka ne ya noma ta, mu muka ɗauko ta a ka har ta kai sama. Wanda ka ce tasa ce, ko buhu ɗaya ya taɓa ɗagawa? Da ta masu wahalarta ce baki ɗaya, ba yaron da zai kwana da yunwa a garin nan."

Baba Okoro ya sauke buhunsa, ya zo ya tsaya kusa da shi. Kafin la'asar an sallame su daga aiki su biyun.

Na tsufa yanzu, amma har yau idan aka nuna hoton dalar ana cewa arzikin Kano ne, raina ɓaci yake yi. Arzikin wa? Babana a ɗakin haya ya rasu.